Kwaɗon Auta

Laraba, da hantsi

Na kashe gem ɗin Auta.

Ba da niyya ba. Hannuna ne ya yi. Shekara da shekaru ni ce ta ƙarshen fita daga ofis, in na gama shara da goge-goge sai in bi ɗaki-ɗaki ina kashe fitila da fanka da duk wani makunni da ke jikin bango. Har a gidan mutane nakan kama kaina ina yi. Ranar da aka kira mu cewa inji ya kama hannun Auta a wurin aiki, ina neman mayafi, ina neman takalmi ƙafa ɗaya, ban san sa'ad da na bi bangon gidan nan na danne komai ba. Daga nan sai asibiti, ban sake leƙo gida ba sai yau. Na shiga ɗakinsa in ɗauko masa riga, na tarar da abin a kan katifa, wayar caji a jikinsa, fuskarsa baƙi ƙirin.

Ɗan abu ne, bai fi tafin hannu biyu ba. A ciki akwai wani kwaɗo da ya faɗa rijiya, Auta yana taya shi hawowa. Hoton duk ƙananan murabba'ai ne kamar an jera tayal, kiɗan kuma kamar gyare ya shiga gwangwani. Na taɓa ce masa an cuce shi, an sayar masa da tsohon kaya. Ya yi dariya ya ce sabo ne fil, wasu mutum biyu ne suka yi shi a ɗakinsu, da gangan suka mai da shi irin na da. Har halin na da suka ba shi, ba ya riƙe inda ka tsaya. In abin ya mutu, kwaɗo ya koma ƙasan rijiya.

A safiyar ranar, yana ɗaura takalmi, burodi a baki, ya ce, “Umma, don Allah kar ki kashe mini. Na kai ƙofar hawan ƙarshe. In na taso daga aiki zan ƙarasa.”

Na ce to.

Laraba, bayan la'asar

Tun da aka fito da shi daga ɗakin tiyata bai yi wa kowa magana ba. Yayyensa sun kira, ya ƙi karɓar wayar. Yau ina gyara masa matashi, bai ko dube ni ba, ya ce, “Umma, gem ɗin yana kunne?”

Na ce yana kunne.

Ba ƙarya na yi ba, na saka shi a caji kafin in fito. Allah ya san rabin gaskiya ce.

Alhamis, da azahar

Mai gashin ƙashi ta zo. Gajeruwar mace ce mai saurin magana, da ƙwallon roba ja a aljihun riga. Ta ja ni baranda ta yi mini bayani. Babban yatsan da aka ɗinka zai iya dawowa aiki, amma sai ya riƙa motsa shi kullum, ko da zafi, tun daga yanzu. In aka bar shi makonnin nan zai sandare, kuma abin da ya sandare ya sandare ke nan. Ta ce in yatsan nan ya yi aiki, da shi da yatsun da suka rage zai iya riƙe cokali da biro da kayan aiki. In bai yi ba, hannun sai dai ado.

Ta shiga ta ajiye masa ƙwallon a kan bargo. Ya juya fuska bango. Hannun ma ba ya kallonsa, ƙarƙashin bargo yake ɓoye shi kamar kayan sata.

Ta tambaye ni ko akwai abin da yake ɗokin komawa ya yi. Budurwa, ko ƙwallo, ko wani abu. Na ce akwai wani kwaɗo. Ta dube ni kamar ni ma a ba ni gado.

Abu ɗaya ne ya rage masa da yake tambaya a duniyar nan, ni kuma na kashe shi. In ya dawo gida ya ga kwaɗon a cikin laka, na san abin da zai ce a ransa: komai ya koma ƙasa. To ba zai gani ba. Ni zan hawo da shi. Na kai shekara arba'in kafin in san bambancin b da d, malamar ajin manya har ta gaji da ni, ga shi yau ina cika takarda. Kwaɗo bai fi baƙaƙe wuya ba.

Juma'a, da safe

Ya fi su.

A hagu akwai madanni kamar alamar tarawa, shi ke kai kwaɗo gaba da baya. A dama akwai ja mai zagaye, shi ne tsalle. In ka taɓa shi kaɗan, tsalle kaɗan. In ka danne, ya yi nisa. Kaina ya gane, yatsuna ne suka ƙi. In na danna na hagu sai na dama ya manta da aikinsa. Ni kuma sai in riƙa karkata jikina duka, har na buge kofin shayi da gwiwar hannu.

Babansu ya leƙo ya gan ni zaune a bakin katifar Auta da tabarau a hanci. Ya tsaya ya daɗe. Ya ce in zafin kai ne ya taɓa ni in faɗa masa tun da wuri, ya san hanyar asibiti. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Asabar, bayan azahar

Dodon koɗi ne fa. Dodon koɗi, da ko gudu ba ya yi. Shi ke ta kashe ni tun safe.

Lahadi, da yamma

Ogansu na wurin aiki ya zo gida da ledar lemo. Ya yi wanka ya sa manyan kaya, amma akwai garin katako a bayan kunnensa, shi na yi ta kallo. Ya ce ƙaddara ce. Na ce haka ne. Ya ce tun ranar bai bari an sake kunna injin yankan katakon ba. Na ce Allah ya kiyaye gaba. Ya tambayi Babansu, abokinsa na tun ƙuruciya, na ce ya fita. Yana cikin ɗaki, ina jin tarinsa.

Lemon na ba yaran maƙwabta.

Maƙwabciyata ta kunna injin markaɗe, na tashi na rufe taga. Da zafin nan.

Litinin, da rana, a ofis

Na koma aiki, rabin wuni suka ba ni. In na gama bene na sama sai in shiga ɗan ɗakin da muke ajiye bokiti da tsintsiya, in kifa bokiti ɗaya in zauna. A nan na wuce dodon koɗi. Ashe ba gudu ake yi ba, jira ake ya juya baya. Na hau wasu duwatsu na iske fitila a jikin bango, kwaɗo ya taɓa ta ta kama. Yanzu in na mutu daga fitilar nake tashi, ba daga laka ba.

Na yi wata ƙara, ban san na yi ba. Maigadi ya rugo da sandarsa, ya ɗauka maciji ne. Da ya ga abin da ke hannuna ya jingina da ƙofa yana dariya, ya ce tsufa in ya zo wa wasu da ciwon gwiwa yake zuwa, ni nawa da kwaɗo ya zo. Na ce ya je ya tsare ƙofa, abin da ake biyansa ke nan.

Da zan tashi na kashe fitilun bene, na zo kan wanda na jona cajin, na tsaya na riƙe hannuna da ɗayan hannun.

Talata, bayan la'asar

Yana kunne, Umma? Yana kunne.

Ƙwallon tana kan durowa inda aka ajiye ta jiya.

Laraba, da azahar

Akwai wani tsoho a gadon da ke kusa da na Auta, ƙugu ya karye a banɗaki. Baki gare shi kamar rediyo. Yana kiran Auta ango, yana kirana surukarsa, wai zai ba shi jikarsa in ya yarda ya ci abinci. Yau ya ce mini yaron nan da asuba yakan fito da hannun ya duba, in ya ji motsi ya mayar. Ya faɗa da ƙarfi, yana sane Auta na ji. Auta ya ja bargo har kai.

Babansu ya kawo mu a mota, ya ɗauki kular abinci har bakin ɗakin, ya miƙo mini. A baranda ya tsaya yana karanta takardun da aka liƙa a bango. Ya haddace su yanzu, har da na wanke hannu.

Alhamis, da safe

Hawa na biyu bulo ne masu ruɓewa. Ka taka, su ba ka numfashi ɗaya, su zube. Ba a tsayawa tunani. Ni kuwa duk rayuwata tsayawa tunani nake yi.

Juma'a, da yamma

Babban yatsana na hagu ya yi bororo. Na fasa, na ɗaure da tsumma, na ci gaba. Shinkafa ta kama a tukunya, Babansu ya cinye ta da ƙaurinta.

Na wuce bulo.

Lahadi, da hantsi

Hawa na uku guga ne. Suna sauka suna hawa a jikin igiya, wani da sauri wani a hankali, sai ka yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Kwana biyu ina faɗawa tsakaninsu. Yau Babansu ya jawo kujera ya zauna a bayana, wai yana gyaran rediyo. Ina jin numfashinsa a wuyana. Na faɗi, ya yi tsaki. Na sake faɗuwa, ya ce, “Ke, ba a tsallaka titi ana kallon motar da ke gabanka. Ta bayanta ake kallo.”

Na ce in ya iya ga shi. Ya karɓa da yatsunsa kamar taɓarya, ya danna, kwaɗo ya tafi kai tsaye cikin rami ko tsalle bai yi ba. Na yi dariya har da hawaye. Ya ce abin ba shi da burki, ba shi da madubi, wane irin tuƙi ne wannan. Ya mayar mini.

Sai muka raba aiki. Shi yana kallon guga na gaba, in lokaci ya yi ya ce “yanzu”, ni in danna. Shekara talatin yana tuƙa motar haya, idonsa ya san tazara. Muka haye guga huɗu a jere. A na biyar ya ce, a hankali, ba ni yake kallo ba, “Ni na kai shi wurin aikin nan. Ya ce shi gyaran waya yake so.”

Na ce, “Yanzu ko tukuna?”

Ya ce tukuna. Sai ya ce yanzu. Muka haye.

Litinin, da azahar

Mai gashin ƙashi ta kama yatsan ta lanƙwasa da kanta. Bai yi kuka ba, sai gumi. Da ta ce ya gwada shi kaɗai, ya ce ta bar shi. A baranda ta ce mini ya fara tauri. Ta ce ita tana iya lanƙwasa masa sau ɗaya a rana, amma ba ita za ta zauna a cikin hannun ba.

Na shiga banɗakin mata na wanke fuska. Na fito.

Talata, da safe

Ban taɓa gem ba yau. Me kwaɗo zai yi wa yatsa? Tsohuwar banza, ɗanki na kwance kina wasan yara.

Talata, bayan la'asar

Na taɓa. Na kai fitila ta huɗu.

Laraba, da yamma

Hawa na huɗu saiwoyi ne masu ƙaya, ruwa na ɗigowa daga sama, in ɗigo ya same ka a iska ya ture ka cikin ƙaya. Ban ga hanyarsa ba sam. Babansu ma ya ce wannan ba titi ba ne, kasuwa ce.

A asibiti ina ɓare wa Auta ayaba, tsumman yatsana ya zame. Ya kalli wurin. Bororon ya warke ya zama kanta, a gefen yatsa, daidai inda madanni ke ci. Ya tambaye ni me ya same ni. Na ce ruwan wanke tayal ne, sabon da suka sayo yana da ƙarfi. Ya kamo hannuna da hagunsa ya juya shi. Ya duba na dama ma. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sake ni ya karɓi ayabar.

Yau bai tambaye ni ko yana kunne ba.

Alhamis, da asuba bayan salla

Ya gane. Na san ya gane. Irin kantar nan ce a yatsansa tun yana makaranta, ni na sha yi masa faɗa a kanta.

Alhamis, bayan azahar

Na je asibiti. Na zuba masa abinci, ya ci kaɗan. Tsoho na ta ba da labarin yadda ya taɓa kokawa da ɓarawo, ba mai saurarensa. Na haɗa kwanuka zan tafi, na kai bakin ƙofa, sai na ji muryar Auta a bayana.

“Kin kai ina?”

Na tsaya. Na ce, “Wurin ƙaya.”

Na kasa juyowa.

“Ke kaɗai?”

“Da Babanku. Shi ke faɗa mini yanzu.”

Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne, na juyo da sauri. Dariya ce, ta fito masa ta hanci, ya rufe ido da hagunsa kafaɗunsa na rawa. Tsoho ya ce a faɗa masa shi ma, ba a dariya a bar maƙwabci. Da ta lafa Auta ya ce kada in yi tsalle bayan ɗigo na farko, in jira na biyu, akwai ɗan jinkiri a bayansa. Ya ce gobe in zo da shi.

Ban ce masa ya yafe mini ba, bai ce ya yafe ba. A mota na faɗa wa Babansu, ya tsaya a gefen titi ya ce wani abu ya shiga masa ido.

Juma'a, da yamma

Na kai shi. Na riƙe shi a jaka kamar ƙwai, da cajinsa, na roƙi nas ta bar ni in jona a bayan gado. Na miƙa wa Auta, ya girgiza kai, ya ce ni zan buga shi zai kalla.

Malami ne marar haƙuri. Malamar ajin manya ta fi shi sau dubu. Umma kin yi sauri. Umma kin yi jinkiri. Umma me ya kai ki can, me kika ajiye a can? Na ce ƙwaro na gani mai haske, na ɗauka abincin kwaɗon ne, tun safe bai ci komai ba. Ya ce tarko ne, kowa ya san tarko ne. Tsoho ya sa aka juyo masa da gado don ya gani, ya zama mai sharhi, in na faɗi ya ce surukata ta tafi ɗebo ruwa.

Maganar da Auta ya yi yau ta fi ta duk makonnin nan in an haɗa. Amma hannun yana ƙarƙashin bargo.

Asabar, da azahar

Mun wuce ƙaya. Hannun yana ƙarƙashin bargo.

Lahadi, bayan la'asar

Hawa na biyar jemagu, da guga kuma a tsakaninsu. Na ce guga ba na iyawa sai da Babanku. Auta ya ce to a kira shi mana. Na leƙa baranda na ce ana nemansa. Ya ce wa. Na ce kwaɗo.

Ya shigo kamar mai shiga kotu, hula a hannu. Ya tsaya a bayana, bai dubi gadon ba. Ya ce yanzu, na danna. Auta ya ce a'a Baba, ka yi sauri, jemage na zuwa. Babansu ya ce shi da ya yi shekara talatin a kan titi ba yaro ne zai koya masa tazara ba. Suka yi ta musu a kaina, ni da kwaɗo muna ta mutuwa. Da za mu tafi ya gyara wa Auta bargo a ƙafa. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma ya isa na yau.

Ina bugawa na ga bargon yana motsi kaɗan a daidai hannun, duk sa'ad da kwaɗo zai yi tsalle. Ban ma kalla sosai ba, kada in kore shi.

Litinin, da azahar

Na faɗa wa mai gashin ƙashi maganar bargo. Ta ce motsin mafarki ba ya isa, sai ya danna abu mai turjiya, ya ji zafin ya sake dannawa. Ta ce makon nan ne. Ba ta ƙarasa ba, na gane.

Laraba, da hantsi, a ofis

Na goge teburin manaja sau biyu, na bar na akawu da ƙura. Idan na rufe ido jemagu nake gani.

Alhamis, da yamma

Mun kai ƙofar.

'Yar ƙofa ce ta katako, a sama da ita ana hango wani ɗigon haske, bakin rijiya ke nan. Kiɗan ma ya canza, ya yi sanyi. Na ce alhamdu lillahi, ga ka inda ka bari, na mayar maka da kayanka. Na ɗora masa a cinya.

Bai taɓa ba. Ya ce in san wani abu: hawan ƙarshe ba fitila. Wanda ya faɗo daga can ba ya tsayawa a ko'ina, zai wuce jemagu da ƙaya da guga da bulo, sai laka. Shi ya sa ranar ya dakata, yana so ya dawo da natsuwa. Ya ce in ƙarasa kawai, yanzu hannuna ya fi nasa.

Na ce ni aikina hawowa da shi ne zuwa ƙofa, daga nan ba ruwana. Ya ce to a bar shi a nan. Na ce a bar shi. Muka zauna kamar masu gaba, kwaɗo na tsaye a bakin ƙofa yana lumshe ido.

Na bar shi a jone a bayan gadonsa na taho. Ban sani ba ko daidai na yi.

Juma'a, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a hankali don kada in bar komai.

Na same shi zaune, gem a cinya, inda na bari. Tsoho ya yi mini ido, ya ce ango bai yi barcin rana ba, yana ta zance da kwaɗo. Auta ya ce in zauna a damansa. Ya ce shi zai riƙe hagu ya yi tafiya, ni in riƙe dama in yi tsalle. Na zauna a bakin gado, kafaɗata a jikin tasa. Ya rame, ƙashi nake ji.

Muka shiga. Duwatsu ne ƙanana, kowanne bai fi kwaɗon faɗi ba, ƙasa kuma baƙi. Yana cewa yanzu, ina dannawa. Muka hau ɗaya, biyu, muka yi ta hawa, hasken na ƙara girma. Sau ɗaya na makara, kwaɗo ya sauka da ƙafa ɗaya a baki-baki, tsoho ya yi salati. Auta ya ce tsakanin bakinsa da yatsana akwai rata, kuma na gaba ba ya son rata, tsalle uku ne a jere ba numfashi.

Sai ya ce, “Ɗaga yatsanki, Umma.”

Na ga bargo ya zame. Ya fito da hannun. Tun ranar bai taɓa fito da shi da kansa a gabana ba, ban kau da kai ba, na riƙe fuskata kamar yadda nake riƙe tire cike da kofuna. Ya ɗora shi a gefen gem ɗin, babban yatsan a kan jan madanni.

Ya ce, “Zan faɗi fa. Duk wahalarki.”

A raina na ga dodon koɗi, na ga bulo, na ga shinkafar da ta ƙone. Ƙarya ne in ce ban gani ba. Na ce, “Wahalata ce, ba taka ba. Danna.”

Ya danna. Na ji yadda ya ja numfashi ta haƙori. Kwaɗo ya yi tsalle ya sauka. Ya sake dannawa, ya sauka. Na uku yana son a danne sosai, yatsan bai kai ba. Kwaɗo ya tashi rabi, ya taɓa bakin dutsen, ya zame.

Muka zuba ido yana faɗuwa. Jemagu suka wuce, ƙaya ta wuce, gugan Babansu, bulo, duk fitilun da na kunna ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana faɗuwa, ban san rijiyar ta kai haka zurfi ba. Ya faɗa laka, ya tashi, ya girgiza kai. Ga dodon koɗi yana tahowa.

Gumi na zuba a goshin Auta, yatsan ya yi ja. Na jira ya mayar da shi ƙarƙashin bargo.

Ya share goshi da kafaɗa. Ya matsa gaba, ya jira dodon koɗi ya juya baya, ya danna. Ya tsallake shi.

Ya ce, “Wannan ne ya yi ta kashe ki?”

Na ce ya yi mini shiru.

Asabar, da azahar

Mai gashin ƙashi ta same shi a wurin bulo. Ta tsaya tana kallon yatsan, ba ta kalli kwaɗon ba ko sau ɗaya. Ta ce kada ya wuce minti kaɗan a zama ɗaya, ya huta, ya sa ƙanƙara, sannan ƙwallo. Ya ce ƙwallon ba ta da daɗi. Ta ce ba don daɗi aka yi ta ba. Ya karɓa.

A baranda na tambaye ta ko zai dawo kamar da. Ta ce kamar da, a'a. Amma zai riƙe cokali, in ya ci gaba haka. Na ce zai ci gaba.

Babansu yana ciki, na baro su suna musu a kan guga tun ba su kai wurin ba. Ni an sallame ni. Auta ya ce in je gida in huta, in dafa abinci ba ƙauri.

Na dawo, na ɗora tukunya, na zauna a gabanta. Yatsuna sai motsi suke a kan cinyata.